Ranar da Masu Kallon Tsuntsu Suka Kalle Ni

Ƙanin matata ne ya ja ni dajin Amurum, gefen ƙauyen Laminga, kamar kilomita 15 daga Jos, wai sai na ga wani tsuntsu da da wuya ka same shi in ba a duwatsun Filato da na Mandara ba. Ɗan mitsitsi ne, bai kai gwara ba, mai jan baya da baki shuɗi-shuɗi. Sai a 1998 wani masani Ba'amurke, Robert Payne, ya tabbatar cewa jinsi ne mai zaman kansa. Akwai ma wani baƙin tsuntsu mai matacciyar zuciya da ke zuba ƙwai a sheƙarsa ya bar masa reno, ɗan ya tashi yana kwaikwayon kukan mai riƙonsa. Duk a mota aka yi mini wannan karatu, da duku-duku, cikin sanyin ƙarshen damina, ko karyawa ban yi ba.

Muka tarar da ayarin ɗalibai, maza da mata, kowa da madubin hangen nesa a wuya, kowa ya cusa ƙafar wando cikin safa. Ni kuwa farin kaftani ne a jikina da zanna bukar. Ƙanin matata ya ce, "Yaya, da ka cusa naka." Na ce masa magidanci mai iyali ba ya cusa wando a safa, kuma har gobe ina kan bakana. Doka ɗaya aka gindaya mana: ba magana, ba tari, ba motsi mai ƙarfi.

A bakin kurmi, ƙarƙashin wani dutse, jagoran ayarin ya ɗaga hannu. Kowa ya daskare. Tsuntsu ya fito. Da yake kawuna sun tare mini, sai na ɗan ratse gefe, na sami wani wuri mai inuwa na kafa ƙafafuna. Na dai ga wani baƙin abu ya miƙe a ƙasa ya ratsa ciyawa, na ce saiwar itace ce.

Ashe kwarkwasa ce.

Wanda bai san ta ba, ga bayani daga wanda ya ji a jikinsa. Makauniya ce, da sansanar sawun 'yan uwanta take tafiya. Gida ɗaya yakan tara miliyoyi, in suka fita farauta ƙanana na gudu a tsakiya, manyan masu ƙaton kai suna jere a gefe da muƙamuƙi a buɗe suna gadi. Abin da ba zan yafe mata ba shi ne ladabinta. Ba ta ciji ƙafa ba, inda mutum zai karkaɗe ya wuce da mutuncinsa. Shiru ta hau ƙwauri, ta wuce gwiwa, ta bazu a cinya, ta kai matse-matsi, wasu suka zarce har gadon baya. Sai da kowace ta kama wurin aikinta, sannan, wallahi ban san wa ya ba da umarni ba, suka sa baki a lokaci guda.

Na tuna doka. Ina so a rubuta wannan a tarihi: na tuna doka. Na cije leɓe, na matse ƙafafu, na ɗaga dama, na ɗaga hagu, na shiga wata irin rawa marar kiɗa, hawaye na zuba, ban ce uffan ba. Har wata ɗaliba ta waigo ta sa yatsa a baki ta ce mini "shiii", saboda kaftanina na ƙara. Daga nan wata babba daga cikin masu gadin ta isa inda ba a faɗa a jarida, na saki wata "Wayyo Allah!" da dutsen ya amsa ya maido mini.

Tsuntsu ya tashi. Ba shi kaɗai ba, duk abin da ke da fiffike a kurmin nan ya tashi.

Na kai hannu ga mazagi, na ja, ya zarge. Na sake ja, ƙullin ya ƙara shigewa. Ga ni tsaye, na kama gaban kaftani da haƙori, hannu biyu na kokawa da mazagi, ƙafafu na tsalle, hula ta faɗi tana gangarawa rafi. Na ɗaga kai don in ga ko akwai mai taimako, abin da na gani shi ne har yanzu yake hana ni barci. Mutanen nan an horar da su cewa duk abin da ya motsa a daji, a ɗaga madubi a duba. Ba mugunta ba ce, sabo ne. Madubin nan kuwa sau 8 yake kusanto da abu. Ayari guda, maza da mata, suka juyo da shi kaina, har na ga yatsan wani yana murza ɗan abin nan na tsakiya don hoton ya fito tas.

Ina sake kallon wannan lokacin a zuciyata, kullum a kan yatsan nan nake tsayawa. Mazagi ya tsinke, wando ya sauka, yatsa na murzawa.

Cikin haka wani tsoho ya ɓullo da fartanya a kafaɗa, zai tafi gona. Ya tsaya, ya sauke fartanyar, ya dogara a kanta kamar mai jiran a buɗe kasuwa, ya ƙare mini kallo.

"Ɗana, ai kan hanyarsu ka tsaya."

"Na gani, Baba!"

"Ba a tsayawa a kan hanyarsu."

"Baba, yanzu ya zan yi?"

Ya yi shiru yana nazari, ni kuwa ina marin cinyoyina. Can ya ce, "Toka. Toka mai zafi. In ka zagaye wuri da ita ba sa haurawa." Na ce ina zan ga toka a tsakiyar daji? Ya ce a gidansa akwai, amma matarsa ba ta hura wuta ba tukuna, sai dai in zan jira. In ba haka ba kananzir. Ya tambayi ɗaliban ko akwai mai kananzir. Wani har ya laluba aljihu.

Ƙanin matata ya iso da nasa ilmin: "Yaya, kada ka fizge, jikin ne zai fita, kan ya zauna a fata." Gaskiya ya faɗa, na riga na tabbatar a wurare da dama. Ya ƙara da cewa in lura ko akwai tsuntsayen da ke bin ayarin, don wasu kan bi kwarkwasa suna cafke ƙwarin da ta koro. Na ce masa in Allah ya kai mu gida zai ji amsa a gaban yayarsa.

Na kutsa bayan dutse da wando a hannu, na tsuguna ina cire kawuna ɗaya bayan ɗaya. Baba bai tafi ba. Ya zagayo, ya tsaya daga nesa don kunya, ya juya mini baya, ya ci gaba da magana. Wai bara sun shiga akurkin maƙwabcinsa da dare, da safe ƙashi aka kwashe. Wai ni na yi sa'a, ƙanana ne suka fi yawa a kaina. Sannan ya ɗan yi gyaran murya.

"Ɗana, gidanka akwai kyankyasai?"

Na ce akwai, Baba.

"To kada ka kakkaɓe wandon duka. Ka bar kaɗan ka tafi da su. Kwana biyu, ko ɗaya ba za ka sake gani ba."