Darasin Tarihi a Ƙofar Kudu

Da yake magabata sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai na ƙudura niyya ranar Hawan Daushe, wato kashegarin Sallah, in saɓa jikana ɗan shekara 2 a wuya zuwa Ƙofar Kudu, domin ya ga sarautar Kano da idonsa, ya kuma ji daga bakina cewa fadar nan ta samo asali tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya hau mulki a 1463.

Ina tsakiyar bayani, dogarai na wucewa cikin ja da kore, kakaki na tashi, mahaya na jahi, sai na lura almajirin nawa ya bar hakimai da rawunansu, ya ƙura wa kashin doki ido, yana tambaya ko ƙosai ne. Kafin laimar Sarki ta bayyana, wadda dominta muka sha rana, barci ya sace shi, bayan ya yi wa sabuwar shaddata ambaliya mai ɗumi, irin wadda a mazhabar Malikiyya ba a yin Magariba da ita sai an wanke.

Da muka koma gida kakarsa ta ce, "Maigida, me ka gano mana?"

Ya ce, "Ƙosan doki."