Wat Biyar Kacal

Duk wanda ya fara koyon jita bayan ya ba shekara arba'in baya, ba ya daɗewa yake gano cewa matsalarsa ba daga yatsu take ba, daga kayan aiki take. Ni ma ban daɗe ba. Na saurari faifan Bombino mai suna Nomad da ya fito a 2013, na saurari Mdou Moctar, sannan na zauna na saurari kaina, sai na ji akwai ɗan bambanci. Tsirkiya shida gare su, shida gare ni. Yatsu goma gare su, ni ma na ƙirga nawa sun cika. To a ina gizo ke saƙar? Sai idona ya sauka kan 'yar amfilifayar roba da mai shago ya ba ni gyara ranar da na sayi jitar. Nan take na yanke mata hukunci, ban ko ji ta bakinta ba.

Na shiga intanet neman magajiyarta, sai na faɗa hannun wasu bayin Allah da ba su da aiki sai gardama a kan kwalba. 'Yan kwalaben gilashin nan suke nufi, na cikin rediyon kakanninmu, masu ɗaukar zafi su yi ja kafin murya ta fito. Tun da aka ƙirƙiro tiransisto a 1947 duniya ta fara juya musu baya, rediyo da talabijin duk suka sallame su, amma makaɗan jita suka ƙi ƙememe. Hujjarsu ita ce, in ka takura wa tiransisto fiye da ƙarfinsa sai ya yi ƙara mai cizon kunne, ita kuwa kwalba in ka takura mata, sai muryarta ta dushe sannu a hankali, ta yi kauri, ta koma wani gurnani mai daɗi. Gurnanin nan shi ake zuba wa kuɗi.

A cikin masu kwalbar ma akwai 'yan gata, waɗanda ba masana'anta ke buga su dubu-dubu ba. Mutum ɗaya ne ko biyu a ɗan shago a Amurka ko Ingila, yana zaune da ƙarfen narka dalma yana haɗa waya ɗaya bayan ɗaya da hannu. Shehinsu shi ne Alexander Dumble na Kaliforniya, wanda ya rasu a 2022. Duk rayuwarsa abin da ya ƙera kimanin 300 ne, kuma yau akan sayar da wasunsu sama da dala 100,000. Lokacin da yake raye, kuɗi kaɗai ma ba ya sa ya yi maka aiki, sai ya ji kiɗanka ya gamsu. Na gode wa Allah da bai haɗa mu ba.

Ni gidan haya nake a Kano, bango ɗaya ya raba ni da maƙwabci, saboda haka ƙarama na ce zan nema. Kakar ƙananan duka ita ce Fender Champ, wadda aka fara fitarwa a 1948 don 'yan koyo. Samfurinta na ƙarshen shekarun 1950 shi maƙera ke kwaikwaya har gobe: wat biyar, kwalba uku, lasifika inci 8, da maɓallin murɗawa ɗaya tal. Ana yawan cewa da irinta Eric Clapton ya naɗi Layla a 1970. Na ce ai shi ke nan, abin da ya ishi Clapton zai ishe ni.

Da yake ba a ƙi ta gida, sai na fara da Sabon Gari, layin masu kayan kiɗa. Mai shagon ya tare ni da fara'a.

"Alhaji, ta masallaci kake so, ko ta coci, ko ta 'yan DJ?"

Na ce ta ɗaki.

"Wat nawa?"

"Biyar."

"Dubu biyar?"

"Biyar dai. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar."

Ya ƙare mini kallo, ya duba takalmina, ya sake duba fuskata. Ya ce, "Alhaji, ƙwan fitilar banɗakina ma wat tara ne." Sai ya jawo wata jibgegiya mai taya, da shuɗiyar wuta tana zagaye lasifikarta, tana kama rediyo, tana karɓar filasha, ga makirufo biyu kyauta. Ya rantse in na kunna ta a nan sai an ji ni a Kurna. Da na ce masa tawa kwalba nake so a cikinta, sai ya nuna mini mai lemo a tsallaken titi.

Na dawo gida na duƙufa zaɓe, kuma nan ne hankalina ya fara barin jikina. Ashe kwalabe ma ƙabila-ƙabila ne. Akwai 6V6, 'yar gidan Fender, mai zagayayyiyar murya. Akwai EL84, wadda ke cikin Vox ɗin da Beatles suka yi suna da ita, mai ƙararrawa a sama. In ka gama da wannan sai lasifika, inci 8 ko 10 ko 12. In ka gama sai katakon akwatin. Na haddace sunayen Carr da Dr. Z da Victoria da Swart fiye da yadda na haddace lambar wayar surukata. Dare ya raba ina kwance da waya a ƙirji, ina sauraron wani mai gemu a Amurka yana buga abu ɗaya a amfilifaya kala-kala, ina gyaɗa kai. Ita kuwa wayar, tun da ta faɗa bokitin wanki lasifikarta ke kakari. Ta cikinta nake rarrabe dala dubu da dala dubu biyu.

Wani dare na tashi uwargida na ce ta taya ni alƙalanci. Na kunna mata ta farko, na kunna ta biyu. Ta ce, "Maigida, ka kunna ta biyun mana." Na ce ai ita ce ta gama yanzu. Ta ja mayafi ta juya.

Daga ƙarshe na tsaya kan wata da wani dattijo ke ƙerawa a garejin gidansa, a kan tsarin tsohuwar Champ. Ƙanena da ke Amurka ya biya kafin alƙalami, aka sa ni a layi, na yi ta jira watanni. Ranar da na faɗa wa uwargida kuɗin, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko biro ta mayar da shi naira, ta mayar da nairar buhunan shinkafa, ta ajiye mini takardar a kan filo. Da ta ga hoton kuwa, tambaya ɗaya ta yi: "Duk kuɗin nan, maɓalli ɗaya?" Na ce mata ai shi ne gwanintar, duk abin da aka rage a hanyar sauti, tsarki ya ƙaru. Ta ce to da an cire shi ma, wataƙila da sai mun sayar da mota.

Wani mai dawowa gida ya taho da ita a jakarsa, kwalaben a naɗe cikin safa. Kyakkyawa ce, wannan kam ko maƙiyi ya shaida: akwati ɗan madaidaici, an lulluɓe shi da yadi ruwan zuma, da marikin fata, tana ƙamshin katako. Sai dai halinta na amaryar da aka kawo daga birni ne, ba ta cin tuwon kowa. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, don haka sai da na saya mata tiransifomar rage wuta, sannan na sayi stabilaiza don ta tsare tiransifomar. Ranar da komai ya haɗu, babu wuta. Na tayar da janareto, ta ɗauki kukansa ta ƙara masa armashi ta miƙo mini ta lasifika. Na kashe, na zauna jiran masu wuta.

Ƙarfe biyu da wani abu na dare fanka ta motsa. Na diro daga gado, na jona komai bi da bi, na kunna. Kwalaben suka fara ja a hankali a cikin duhu, har na ji ƙwalla. Na murɗa maɓallin zuwa 3, na buga. Sauti mai tsabta, amma babu gurnani. Sai na tuna karatuna: kwalba ba ta gurnani sai an takura mata, kuma lambobin maɓallin nan har 12 suke. Na ce wat biyar ne dai, me zai yi? Na kai shi 9.

Akwai wani lissafi da na sha tsallakewa a karatun nan nawa. Kunnen ɗan Adam ba da wat yake awo ba. Sai ka ninka ƙarfin amfilifaya sau goma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu. Ma'ana, 'yar wat biyar ɗin nan rabin ƙarar mai wat 50 take yi, irin wadda ake hawa dandali da ita. Bugu ɗaya na yi. Gilashin taga ya amsa, kwanukan kicin suka amsa, jaririn maƙwabta ya karɓa, karnukan layin baya suka ɗauka, wani zakara da agogonsa ya rikice ya yi cara. Gurnanin kuwa ya fito, wallahi ya fito, irin wanda na yi watanni ina mafarki. Shi ya sa na ƙara bugu na biyu.

Kafin na uku ana dukan ƙofa. Mai gidan haya ne da jallabiya a bai-bai, bayansa 'yan sintiri biyu da gora da tocila, bayansu rabin layinmu. Ya ce, "Malam, lafiya? Tiransifomar unguwa ce ta tashi a ɗakinka?" Na ce a'a Alhaji, 'yar ƙaramar amfilifaya ce, wat biyar kacal. Ya leƙa ya gan ta a kan tabarma, ba ta fi akwatin ɗan makaranta ba. Ya ce in fito da babbar da na ɓoye.

Wanda ya cece ni maigadin gidan da ke kallonmu ne, mutumin Agadas, wanda kullum muke gaisawa ban taɓa sanin yana kiɗa ba. Ya ratso mutane da rawaninsa, ya ce in ba shi jitar. Ya sassauta tsirkiya ɗaya, ya rage ƙarar daga jikin jitar, ya fara wani kiɗa mai tafiyar raƙumi, babban yatsa na riƙe da ƙasa, sauran na yawo a sama. Jaririn ya yi shiru. Ɗan sintiri ɗaya ya jingine gorarsa. Alhaji da ya zo ba ni notis sai ga shi yana kaɗa kai. Jitata ce, amfilifayata ce, ɗakina ne, amma sautin ban taɓa jin sa a gidan ba. Da ya gama ya shafa akwatin ya ce, "Kayan nan na da kyau. Batir nawa take ci?" Na ce ba ta cin batir, sai wutar gari, da tiransifoma, da stabilaiza. Ya miƙo mini jitar cikin tausayi. Ya ce a wajensu in abu ba zai bi ka bikin ƙauye a bayan babur ba, ado ne.

Aka yi sulhu a kan ba zan wuce 3 ba, kuma ba bayan isha'i ba. Wato na sayi gurnani, an ba ni izinin rada.

Ko wannan ma bai daɗe ba. Ƙanen uwargida ya zo hutu. Na dawo daga aiki na tarar da shi a ƙofar ɗaki yana sosa ƙeya, ɗakin na warin ƙuna. Ya ce, "Yaya, MP ɗin nan taka ba ta kama waya. Na ga an jona ta da wasu tarkace, na ce ko su suka hana, sai na sa ta a bango kai tsaye." Na ce sai me? Ya ce, "Sai ta ce fat."

Masu gyaran waya da talabijin duk suka ƙi ta. Ɗaya ya buɗe bayanta ya ce an cuce ni, babu ko bod a ciki. A ƙarshe aka kwatanta mini wani tsoho a can cikin kasuwa, mai gyaran rediyo, tabaransa ɗaure da zare. Yana leƙa cikinta ya saki salati. "Bawul! Yaro, ina ka tono wannan? Ai a kan irinsu na koyi aiki, zamanin Pye da Grundig. Mu muka zubar da su da hannunmu." Na miƙa yatsa zan nuna masa inda ya ƙone, ya make mini hannu. Ya ce kwandansan ciki kan riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare waya. Ya sa sukundireba ya taɓa wani wuri, ya auna nan, ya shinshina can. Fiyus ya tafi, kwandansa ɗaya ya kumbura, kwalbar da ke daidaita wuta, 5Y3, ta mutu. Tiransifomar ciki ta tsira da ƙyar.

Gabana ya faɗi, don na san masana'antun kwalba da suka rage a duniya ba su da yawa, galibinsu a Sulobakiya da Saratov ta Rasha da Sin, kuma tun yaƙin Yukiren a 2022 farashinsu ya yi tsalle. Na fara lissafin wata nawa zan jira. Baba bai ce komai ba. Ya sunkuya ƙarƙashin benci ya jawo wani tsohon gwangwanin Bournvita, ya hure ƙura. A ciki, naɗe da yagaggiyar Gaskiya Ta Fi Kwabo, kwalabe ne reras, wasu ko kwalinsu ba a buɗe ba. Ya zaro 5Y3 ta Brimar ya soka, ya canza fiyus da kwandansa, ta yi ja, ta yi magana. Na hango wasu da tambarin Mullard, ECC83, wato ita ce 12AX7 da ke gaban amfilifayata, irin wadda masu gemun nan ke ambata da ladabi. Ya ce da sun fi haka yawa, jikoki ne ke ɗauka suna fasawa don su ji ƙarar.

Na ce nawa zan bayar? Ya ce aikin dai in ba da abin da ya sauwaƙa, kwalbar kuwa in sa masa kuɗin goro, in ina so ma in ƙara da biyu. Daɗi ya kwashe ni. Na ce, "Baba, ka san kuwa a Amurka, inda ƙanena yake, wannan Mullard ɗin guda ɗaya sai ta haura dala 100?"

Hannunsa ya tsaya a kan gwangwanin. Ya gyara zaman tabarau. Ya mayar da murfin a hankali, ya danna shi da tafin hannu, ya tura gwangwanin ƙarƙashin benci ya ɗora ƙafa a kai. Ya kira yaron shagon kusa ya tambaye shi nawa dala take yau a Wapa. Yaron ya faɗa. Baba ya yi shiru yana motsa leɓe. Sannan ya sa tsumma ya zare Brimar ɗin daga amfilifayata da zafinta, ya naɗe ta a jarida, ya sa a aljihun gaba.

"Zauna, yaro, a kawo maka lemo," in ji shi. "Wannan ƙanen naka na Amurka, yana da amana kuwa?"