Inci Nawa Za a Ƙara, Alhaji?

Kamfanin Toyota ya ɗauki injiniyoyi, ya biya su albashi shekara da shekaru, domin su auna tsayin da ya dace da Hilux da Prado da Land Cruiser. Sai motar ta sauka Kano ko Abuja, mai ita ya zagaya ta sau biyu, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce, “Ta yi ƙasa.” Daga nan sai gareji. Ka tambaye shi ina yake zuwa da ita, zai ce maka daji. Ka bi sawun tayar kuwa, daga gida sai ofis, daga ofis sai ɗaurin aure, in tafiya ta yi nisa a hau titin Kaduna. Kwalta ce tun fita har dawowa. Masu wannan lalura ba iri ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencin gareji yana jiran a sauke masa mota ya san su da fuska.

Limaminsu shi ne Alhaji Sai-An-Gan-Ni. Shi babu ruwansa da wane irin sifirin ko wane irin shokozoba za a saka. Tambayarsa guda ce: “Ta Alhaji wane inci nawa aka ƙara mata?” Aka ce huɗu. Ya ce a yi masa shida. Bakanike ya fara bayani a hankali, cewa kowane inci da aka ƙara yana tura nauyin motar sama, mota kuwa in nauyinta ya hau sama sai ta riƙa karkata a kwana, in aka kauce wa akuya da gudu tana iya ɗaga ƙafa. Alhaji ya ce shi ba ya gudu. Duk wanda ya taɓa haɗuwa da shi tsakanin Zariya da Kwanar Dangora ya san amsar wannan. A 2016 mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Teknikens Värld, ta yi wa Hilux sabuwa fil gwajin kauce wa dabba a hanya, a gudun wajen kilomita 60 a awa, motar ta tashi a kan tayoyi biyu, saura ƙiris ta kife. A tsayin da kamfani ya ba ta ke nan, ba a ƙara mata ko rabin inci ba. Alhaji ya ɗora shida a kai, in salla ta zo kuma ya ɗaura buhunan shinkafa a saman rufi.

Hukuncinsa yana farawa tun kafin a tada inji. Zai fito da babbar riga mai aiki, ya tattare ta a kafaɗa, ya kama hannun ƙofa, ya yi bismillah, ya miƙa ƙafa sama kamar mai hawan raƙumi, sai dai shi raƙumi yana da mutuncin durƙusawa. Hula ta bugi saman ƙofa ta faɗo, yaro ya ɗauko ya miƙa. Direbansa, wanda ya san ciwon kansa, tuni ya ajiye kujera 'yar tsugunno a but, yakan zagayo da ita ta ɓangaren da jama'a ba sa gani. Hajiya kam ta yanke hukunci tun ranar da zaninta ya kusa kwancewa a ƙofar gidan biki: “Alhaji, in dai wannan za a fita da ita, a kira mini a-daidaita-sahu.” Mahaifiyarsa ta zo dubiya, mutum biyu suka ɗora ta, ta zauna tana salati tana duban ƙasa ta taga, ta tambaya ko laifin me ta yi.

Bayansa sai Malam Araha. Shi ma yana son tsayin, kuɗin ne ba ya so ya fita. Da ya ji farashin cikakken saiti, wato sifirin da shokozoba da aka ƙera su tare don wannan aiki, sai ya yi dariya ya ce ai ƙarfe ƙarfe ne. Ya nufi Ƙofar Ruwa, in ɗan Kaduna ne ya shiga Panteka, aka yanko masa zoben ƙarfe mai kauri aka ɗora a kan shokozoban gaba, aka cusa wani dunƙule a ƙarƙashin sifirin na baya. Motar ta tashi, wannan babu musu. Ya yi sati biyu yana yi wa masu saiti dariya.

Sai aka fara jin ƙas-ƙas-ƙas in ya murɗa sitiyari. Hilux ta zamani da Prado kowace tayar gaba da nata hannuwan, kuma shaf ɗin da ke kai mata ƙarfi yana da gaɓa a cikin roba mai cike da giris. Da an ɗaga motar fiye da kima sai shaf ya karkace, robar ta yage, giris ya fantsame, yashi ya samu masauki. Gaɓar hannun sama ita ma tana aiki a ƙarshen iyakarta. Shokozoban kuwa tsohon ne, tsayinsa bai ƙaru ba, saboda haka kowane rami sai ka ji ƙwal. Alaimen bai yi ba, don a ganinsa wannan cin kuɗi ne, tayoyin gaba suka cinye ta gefe guda. A gaskiya ɗan zobe na inci ɗaya, mai kyau, wanda aka saka da lura, ba zunubi ba ne. Amma Malam Araha ba ya tsayawa a ɗaya, tunda kuɗin uku da na ɗaya kusan duka ɗaya ne a wurin mai yanka ƙarfe. Araha ba ta ado, ita wannan ma har taya take ci.

Akwai kuma Shehin Waya. Wannan ya kalli duk wani bidiyo da aka taɓa yi a kan ɗaga mota. Ya san Old Man Emu da Dobinsons da Ironman 'yan Ostireliya ne, Bilstein daga Jamus, Fox daga Amurka. Zai gaya maka cewa inci biyu, wato milimita 50, shi ne iyakar lafiya ga motar da rayuwarta kwalta ce. In aka wuce nan sai an sauya hannuwan sama, a duba tsayin tiyon birki, a gyara sandar da ke riƙe aksil na baya don kada ya zame gefe. Zai ƙara da cewa a jihohi da dama na Ostireliya, inda ake da daji na gaske, wanda ya ɗaga sifirin ya wuce milimita 50 sai ya nemo takardar injiniya kafin ya hau titi. Abin haushin shi ne duk gaskiya yake faɗa. Yana tsaye a kan bakaniken da ya shekara talatin yana wannan sana'a, yana nuna masa waya, yana cewa, “Oga, ba haka Bature ya yi ba.” Motarsa kuwa har yau tana nan yadda ta fito daga kamfani. Bincike bai ƙare ba.

Mai Taya shi ma ya kama wutsiyar gaskiya. Ya gane cewa ko an ɗaga mota ta kai gini, tulun aksil na baya yana nan inda yake, domin a kan taya yake zaune, ba a kan sifirin ba, kuma shi ne yake fara dukan dutse. Taya ce kawai take ɗaga shi. To, sai ya cire tayar kamfani mai lamba 265/65R17 ya saka 285/70R17, mai manyan haƙora irin na shiga taɓo. Tsayin taya ya tashi daga wajen inci 30 da rabi zuwa kusan 33. Rabin wannan bambanci ne kawai yake zuwa ƙarƙashin aksil, wato inci ɗaya. Domin wannan inci ɗaya aka yanke masa gefen bamba, aka bubbuge cikin bodi da guduma, safaya kuma ta ƙi shiga mazauninta.

Maleji ma ya koma yi masa ƙarya, don da tsohuwar taya yake lissafi. In allura ta nuna 100, motar tana kan 107 ne, ga shi kuwa 100 ce iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta yanka wa motar gida a babban titi. Zai yi ta rantsuwa ga jami'i cewa bai wuce ba, kuma har ga Allah bai san ya wuce ba. Tayar taɓo a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta kama birki yadda ta titi take yi. Ga nauyi, ga shan mai, shi kuwa mai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya daina zama abin wasa. Amma abin da aka fi saninsa da shi kukan taya ne. Tun yana Kawo ake jin tahowarsa. Ka kira shi yana kan hanya, hirar ba ta wuce “Na'am? Me ka ce? Bari in tsaya.”

Wanda na fi so a cikinsu Ɗan Agadas. Shi ba tsayi kaɗai ya saya ba, tafiya guda ya saya. Tanti a saman rufi, jarkoki huɗu a gefe, shebur a ɗaure, bututun shaƙar iska ya miƙe ta gefen gilashi don ranar tsallake kogi, injin jan mota a gaba. Da aka tambaye shi wane sifirin yake so, ya ce mafi ƙarfi. Masu ƙera waɗannan kaya kuwa sun kasa sifirin ne gwargwadon nauyin da mota take ɗauka kullum, mai ƙarfin an yi shi ne don wadda ba ta rabuwa da ɗaruruwan kilo a baya. Shi kayansa na kullum jakar kwamfuta ce da gorar ruwa. Saboda haka bayan motar ba ya lotsawa, tsalle yake yi, kowane tudun rage gudu sai ya ji shi a ƙugu. Ya fara ɗora wa katifarsa laifi.

Hirarsa ba ta wuce Sahara. Zai ba ka labarin yadda sojojin Chadi suka tarwatsa tankokin Libiya a Fada a 1987 da a-kori-kurar Toyota, ya ba ka na direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Hilux shaƙe da mutane da jarkoki. Bai lura ba cewa su waɗannan, da sun shiga rairayi, abin da suke fara yi shi ne rage iskar taya, kuma dukiyarsu sanin hanya ce da sanin inda rijiya take. Shi iyakarsa Daura, ita ma gaisuwar mutuwa ce ta kai shi. Jarkokin ba su taɓa ganin mai ba, sheburin har yanzu da takardar farashi a jikinsa. Gwaji mafi tsanani da motar ta taɓa fuskanta shi ne ranar da tantin ya maƙale a sandar ƙofar wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa a wani kanti a Abuja, masu gadi suka taru suna sace iskar taya don ta fita. Ashe dai rage iskar ya yi masa rana.

A Amurka akwai samarin da ke ɗaga gaban mota su bar baya a ƙasa don ado, har jihar North Carolina ta haramta abin a 2021. Namu na nan ba ado ba ne, kuɗi ne suka ƙare bayan an gama gaba. Fitilar mai irin wannan mota tana haska saman darbejiya da idon duk wanda ke tahowa, ramin da ke gabansa kuwa sai ya faɗa yake sanin da shi.

Duk waɗannan ba za su kai ko'ina ba in babu Oga Ba-Matsala. Ka ce masa inci takwas, ya ce ba matsala. Ka ce birki fa, ya ce ba matsala. Bai yi ƙarya ba, shi ba shi da matsala, don ya san nan da wata uku za ka dawo da ƙafarka. A can ƙarshen layi akwai wani dattijon bakanike da ke yi wa kowa tambaya uku kafin ya ɗauki sifana: ina kake zuwa, me kake ɗauka, wa kake ɗauka? In ka amsa da gaskiya sai ya ce, “Ranka ya daɗe, sabon shokozoba kawai take so.” Garejinsa ba ya cika.

Wanda yake zuwa wurin dattijon shi ne mai haƙa rijiyar burtsatse, ko likitan dabbobi da ke bin rugage, ko manomin shinkafa da gonarsa take cikin fadamar Haɗeja. Shi ma yawancin tafiyarsa kwalta ce, amma ƙarshenta burji ne da kwazazzabo, kuma da damina ba a ɗaga masa ƙafa. Inci biyu ya ƙara, da sifirin matsakaici da shokozoba mai kyau, da taya mai ɗan haƙori wadda girmanta bai yi nisa da na kamfani ba. Aka yi alaimen, aka sunkuyar da fitila. Ba wanda yake ɗaukar motarsa hoto. Alhaji Sai-An-Gan-Ni ya taɓa tsayawa kusa da shi a gidan mai, ya leƙo daga sama ya ce, “Malam, irin aikinka ai ya kamata ka ɗaga ta.” Ya ce in Allah ya hore.

Sai kuma ranar sayarwa. Bayan shekara biyu, ciwon baya da Hajiya sun yi nasara, Alhaji ya kira dillali. Dillali ya zagaya motar, ya tsuguna ya daɗe yana leƙe, ya taɓa robar shaf ya shafa giris a yatsa, ya miƙe yana girgiza kai.

“Alhaji, motar da aka ɗaga haka ai an ci daji da ita. Mai saye zai rage kuɗi sosai.”

Alhaji ya dafe ƙirji. “Daji? Wallahi tallahi motar nan ko burji ba ta taɓa takawa ba. Kira direba ka tambaye shi.”