Kyamarar da ba ta karɓar goro

A Shikago ta Amurka, tun 2003 aka kafa kyamarori a bakin danja. Ka tsallake ja, ba mai tsayar da kai, ba "yallaɓai yi haƙuri". Takarda ce kawai za ta iske ka har gida, dala 100.

Hukuma ta ce don tsare rayuka ne. To, madalla. Wani bincike da jaridar Chicago Tribune ta sa aka yi a 2014 ya nuna karon gefe mai jikkata mutane ya ragu da kashi 15, amma na bugun baya ya ƙaru da kashi 22, don kowa ya hango kyamara sai ya danne birki kamar ya ga kura. A shekarar kuma aka gano an aika wa direbobi takardun tara wajen 77,000 a inda fitilar ruwan ɗorawa ba ta ma cika daƙiƙa 3 ba.

An yi ta yabon na'urar wai ba ta cin hanci. Gaskiya ne, ba ta da aljihu. John Bills, jami'in da ya share wa kamfanin Redflex hanyar kwangilar kyamarorin, shi yana da shi. A 2016 alƙali ya ba shi shekara 10.