Kallon Dutse da Riyal

Daga cikin al'amuran mamaki da zamani ya kawo mana, waɗanda ya kamata malamai su zauna su duba hukuncinsu, akwai wata ɗabi'a da ta shiga masu hali na ƙasarmu, wato mutum ya kwashi iyalinsa zuwa Umra, in ya kammala ɗawafi da sa'ayi ya yi aski, sai ya keɓe yini guda sukutum, ya yi shatar mota da riyal mai tsada, domin kawai a kai shi ya kalli duwatsu. Da mutanen bakin tafkin Chadi ne, inda ƙasa take shimfiɗe iyakar ganin ido, da sai mu yi musu uzuri. Amma mutumin Tsafe, wanda aka yanke wa cibiya a gindin dutse, wanda kuma duk ranar da ya nufi Gusau ba makawa sai ya ratsa ta ƙarƙashin dutsen Kwatarkwashi yana gyangyaɗi a bayan mota, shi ne yau ya wayi gari da shauƙin duwatsu, har yana kiran abin tafakkuri cikin halittar Ubangiji.

Galibi inda ake dosa shi ne Ɗa'ifa, garin inabi da rumman da furen wardi, wanda ke bisa tudu mai tsawon mita 1,800 da ɗoriya, tafiyar kimanin kilomita 90 daga Makka ta hanyar dutsen Hada. Tun bayan sallar asuba maigida yake shelar cewa ƙarfe bakwai za a tashi, duk wanda ya makara a bar shi. Amma ba a motsawa sai hantsi ya dubi ludayi, saboda wata mas'ala da ba a taɓa samun ijma'i a kanta ba, ita ce wa za ta zauna kusa da taga, uwargida tana kafa hujja da girma da shekaru, amarya kuma tana kafa tata da cewa ranar girkinta ce. Alhaji, da yake mai hikima ne, sai ya shige gaba kusa da direba, ya fito da carbi, ya zama kurma har a gama shari'ar. Guzuri kuwa, da dambun nama, da kilishi, da garin rogo, da ƙuli-ƙuli, da yaji cikin gwangwanin madara, ya isa ya kai ayari Agadas ya komo da saura.

Direban sau da yawa ɗan Takari ne, wanda kakanninsa suka zo Hajji a ƙafa suka zauna, amma Alhaji ba zai yarda ya yi masa Hausa ba, sai ya tono Larabcin littattafan fiƙihu da ya karanta a zaure yana saurayi, ya yi ta jefa masa kalmomin babin alwala da babin gado, har bawan Allah ya gaji ya ce, “Alhaji, don Allah yi Hausa, mu fahimci juna.”

Sa'an nan a kama hawa. Hanyar nan ta Hada ta nannaɗe jikin dutse kamar hanjin akuya, kwana bisa kwana, ga rami a gefe wanda in ka leƙa sai ka ga motocin ƙasa sun ƙanƙance; to a nan ne wadda ta ci nasarar samun taga za ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kama salati da ƙarfi, tana cewa, “Alhaji, ka ce mishi ya sassauta, ni ban bar wasiyya ba!” Shi kuma ya amsa da muryar wa'azi cewa ta yi tawakkali, ajali ba ya gaba ba ya baya, alhali ya damƙe mariƙin ƙofa har yatsunsa sun sage. Ta haka kallon da aka biya wa kuɗi yake ƙarewa a idon direba, wanda ya gaji da shi, da na yara, waɗanda ba wanda ya nemi shawararsu.

Babban abin al'ajabi yana can sama, inda birai suke zaune bisa katangar hanya suna jiran baƙi. Shi dai biri, kowa ya san matsayinsa a ƙasar Zamfara: ɓarawon masara ne, wanda ake tsare gona dominsa da majajjawa da kare da ihun yara tun fitowar rana. Amma da yake wannan na Hijaz ne, sai ka ga Alhaji ya sayi ayaba da riyal yana miƙa masa da ladabi, yana ce wa iyali su dubi ikon Allah. In ƙaramin yaro ya ce, “Baba, ba irinsu ne ke cinye muna masara ba?” sai a ce masa, “Yi shiru, wanga na ƙasa mai tsarki ne.” An ba ni labarin wani wanda biri ya ƙyale ayabar ya fizge masa hula ƙube sabuwa dal, ya haye ƙololuwa da ita, bayan ya yi roƙo ya yi barazana bai samu ba, sai ya juyo ya sanar da jama'a cewa ya bar masa sadaka, ko da yake ni a ɗan karatuna niyya kan riga aiki ne.

Akwai kuma wasu akwatuna na gilashi da ke rataye jikin igiyar ƙarfe, suna sauka da mutane daga Hada zuwa gindin dutse, waɗanda yara kan nace sai an shiga. Maigida yakan tambayi kuɗin mutum guda, ya ninka a zuci da yawan kawunan da ya kwaso, ya sake leƙa ramin, sa'an nan ya ba da fatawa nan take cewa jefa kai cikin halaka haramun ne.

Garin Ɗa'ifa kansa yana da abin i'itibari na haƙiƙa, domin nan ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo a shekara ta 10 da aiko shi yana kiran Banu Saƙif, suka sa aka jefe shi, kuma nan ne masallacin Abdullahi ɗan Abbas yake. Ana ba wannan rubu'in sa'a, a yi raka'a biyu, a ɗauki hoto. Kasuwar turare da ruwan wardi kuwa ana ba ta abin da ya rage na yini, har sai an haɗa azahar da la'asar da sunan rangwamen matafiyi.

Na sani wani zai ce duwatsun gida yanzu ba sa hawuwa saboda 'yan bindiga, kuma gaskiya ne, Allah Ya kawo mana sauƙi. Sai dai ko a shekarun da mutum kan kwana a daji ba abin da ya dame shi sai sauro, ban ji magidancin da ya ɗebi iyali ya kai su ganin kufan 'Yandoto ba, birnin malamai da ke nan kusa da mu. A lokacin, hawan dutse aikin awaki ne da makiyaya, wanda kuma aka gani bisa dutse babu dalili sai a fara tambayar lafiyar kansa.

In an komo gida, dutsen Hada yakan ci gaba da girma a majalisa, kowane dare ana ƙara masa tsawo, ana ƙara wa Alhaji jarunta, birin da ya ɗauke hula kuma ya kusa kai girman maraƙi. Maƙwabcinsa, wanda ya sha wannan labari har ya ƙoshi, ya bincika a asirce aka gaya masa cewa can kudu wajen Abha akwai dutsen Sauda, mai kusan mita 3,000. Tuni ya sa an kai shanunsa biyu na huɗa kasuwa, ya kuma gargaɗi matansa su daidaita zancen taga tun daga gida.