Kafin Alƙalami Ba Ya Buɗe Ƙofar Gida

Akwai wani irin mai sayen gida da ake samu daga Agiye zuwa Gazawa, har can Gidan Rumji, wanda da ya ajiye kafin alƙalami sai ya ɗauka an naɗa shi mai unguwar gidan. A ce gidan na miliyan shida ne na sefa, shi kuwa jika ɗari biyu ya dire gaban dillali, sauran kuɗin wai sai an sayar da aya da gyaɗa, ko sai ƙanensa ya aiko daga Aljeriya. Amma tun daga ranar ba a sake shan fura cikin kwanciyar hankali a gidan. Ni ra'ayina a kan wannan bawan Allah guda ne, kuma zan kare shi ko a fadar sarki: mai saye yana da haƙƙin ya duba gida, amma dubawa tana da adadi da lokaci, kuma makulli na mai gida ne har ranar da aka ƙirga kuɗi gaban shaidu.

Duba yadda abin yake tafiya in an yi sake. Zuwan farko Alhaji shi kaɗai ne, da sallama da fara'a, har yana cewa ai ba sai an shiga ɗakuna ba. Zuwa na biyu da uwargida, ta ce madafa ta yi kusa da makewayi. Na uku da amarya, wadda ta ji an kai uwargida ita ba a kai ta ba, ta zo da igiya tana awon ɗaki don ta tabbata nata bai gaza na waccan ko da taƙi ɗaya ba. Sai magini, wanda ba ya iya duba bango sai ya ƙwaƙule shi da cebur. Sai malam, da zai zagaya kusurwa huɗu ya ji ko akwai mutanen ɓoye, ya kuma yi wa bishiyar bedi ta tsakar gida wani kallo da zai hana yara barci. Sai ƙanen nan na Aljeriya, wanda shi ma sai an zagaya da shi ta WhatsApp, ana ɗaga waya sama ana neman rezo a bakin rijiya. A kowane zuwa matan gida su tattara tukwane, su yafa mayafi, su cunkushe a ɗaki ɗaya da zafin watan Afrilu. Kafin mai gida ya farga, an sauke yashi a ƙofa, an jibge bulo a zaure, an ɗaure raguna biyu a turkensa, “kafin Layya kawai, Malam”, dusar ma shi zai saya.

Za a ce mini ba a cinikin biri a sama, kuma gaskiya ne. Gidan laka yana da sirrinsa: gara tana cin azara daga ciki, rufi yana yin lafiya lau da rani ya koma rariya a watan Agusta, wani filin kuma tafki ne da ya yi hutun rani. Wanda zai zuba abin da ya tara shekara goma dole ya buɗe ido. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun riga mu tunanin wannan. A babin ciniki da zaɓi, Muhtasar na Halil ya ba mai sayen gida kamar wata guda ya yi nazari, ya kuma hana shi zama a ciki a wannan lokacin. Wata guda, jama'a, ba daga shuka zuwa girbi ba. In shi kansa Alhaji ba a yarda ya tare ba, ban ga ta inda ragunansa suka samu fatawa ba. Suratun Nur kuma, a aya ta 27 da ta 28, ta hana shiga gidan wani sai da izini, ta ce wanda aka ce ya koma ya koma, ba ta keɓe masu kafin alƙalami ba.

Hukuma ma haka ta gani. Tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin ƙasa da ake kira COFO, daga na ƙauye zuwa na gunduma, masu ba da takardar shaidar sayar da gona; filin cikin gari kuwa takardarsa a meri take. Duk waɗannan takardu ciniki suke shaidawa bayan ya faɗa. Babu ofishin da ke buga hatimi a kan takardar “ina nan zuwa da kuɗi”.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, shi ne kunya. Agiye ba Yamai ba ce. Mai sayen nan ko surukin ƙanwarka ne, ko sahu ɗaya kuke sallar Juma'a, ko tare kuke hawa mota zuwa kasuwar Cadawa. Yaya za ka dubi idonsa ka ce yau ba shiga? To ai don wannan aka yi dillali. Mutumin da zai karɓi la'ada bai kamata aikinsa ya tsaya ga “Allah ya sa albarka” da cin goro ba. Shi zai kai saƙon da bakinka ba ya iya faɗa. Kuma abin da ke ɓata zumunci shi ne a yi shiru wata uku ana haɗiye rai, ranar da rago ya cinye geron da uwargidanka ta shanya sai a fashe gaba ɗaya, har a tono rigimar gadon kakanni. Kunyar mara kunya asara ce.

Saura masu cewa in ka tsaurara mai saye zai gudu. Wanda ke da kuɗi a hannu ba ya yawan zarya, sau biyu ya gani ya biya. Mai zuwa kullum da sabon ɗan rakiya aibi yake tarawa, don ranar biya ya ce bango ya tsage (tsagar da maginin nasa ya yi da cebur), a rage masa jika ɗari biyar. In irin wannan ya gudu, a raka shi har bakin kwalta, a tare masa motar Maraɗi.

Don haka ga abin da nake ba duk mai sayar da gida shawara ya faɗa tun ranar kafin alƙalami, gaban dillali da shaidu biyu, a rubuta ko da ajami ne. Zuwa uku: ɗaya na Alhaji, ɗaya na iyalinsa, uwargida da amarya a rana guda don a huta, ɗaya na magini, da idonsa kawai, cebur ya tsaya a waje. Kowane zuwa a sanar tun jiya, a zo bayan la'asar, a tafi kafin magariba. A sa ranar cika kuɗi. Yashi, bulo, buhu da duk wani abu mai ƙafa huɗu su jira sai an sa hannu. Malam kuwa ya yi addu'arsa daga zaure, ai tana ratsa bango.