Abokan Tattaki, Daga Kagoro Zuwa Matsirga

Dutsen Kagoro ba shi da laifi. Yana nan inda Allah ya kafa shi, ba ya surutu, ba ya neman aron caza, ba ya cewa a dakata ya amsa waya. Wahalar tattakin ƙarshen mako daga mutane take zuwa. Tsarin ƙungiyarmu bai canja ba tun da aka kafa ta: Asabar da sassafe a haɗu kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan a nufi dutse, Lahadi bayan an taso daga coci a gangara Matsirga a wanke gajiya. Fuskoki suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, halaye kuwa ko gezau.

Akwai mai latti. An ce ƙarfe shida, ƙarfe bakwai ka kira shi ya ce ga shi nan a shataletale, kana jin ƙarar bokiti da kukan zakara a bayansa. Ba sai mun daɗe a kansa ba, ya riga ya ci mana lokaci da yawa.

Sai mai kaya. Wannan ya shiga kasuwar gwanjo ya fito da takalmin da aka ɗinka don ƙanƙarar Turai, da sanduna biyu na ƙarfe, da jaka mai aljihu ta ko'ina, da agogon da ke ƙirga takunsa yana kuma gaya masa bugun zuciyarsa. A gindin dutse kowa na kallonsa da sha'awa. Kafin a kai rabi sai ka same shi zaune a kan fa yana haki, ga wata tsohuwa da silifas ta zo wucewa, kwandon acca a ka. Ta tsaya, ta dubi sandunan, ta dube shi, ta ce cikin tausayi na gaskiya, "Sannu ɗana. Ƙafar ce? Allah ya sawwaƙe."

Amma gwanina, wanda nake roƙon Allah ya ja kwanansa don kada tafiya ta yi lami, shi ne jagoran da ba wanda ya naɗa. Kowace ƙungiya tana da nata. Namu dattijo ne mai fara'a, ɗan fansho, da hular kaboyi da ta ga jiya ta ga yau. Bisa al'ada, kafin a hau sai an je an gaida mai unguwa, shi kuma ya haɗa mu da yaron da ya san hanya. A nan ran jagora yake fara ɓaci. "Yaro? Ni za a bai wa yaro? Ni da nake hawan dutsen nan tun zamanin Gwamna Awan!" Marigayi Sarkin Kagoro Gwamna Awan ya hau sarauta a 1945 ya rasu a 2008, saboda haka wannan shaida ba ta raba jagora da kowa ba sai yara. Amma wa zai faɗa masa?

Yana da gajeriyar hanya. Kullum yana da ita. Alamarta wata ɗorawa ce mai reshe biyu, idan an wuce ta a yi hagu. A yi ta tafiya, ba ɗorawa. Sai ya tsaya, ya riƙe ƙugu, ya dubi gabas ya dubi yamma ya ce, "Sun sare ta. Ka ga irin abin da muke faɗa." Abin haushi, wataƙila da gaskiyarsa, an sare ta ɗin. Shi ya sa ba a iya kama shi. Jagora bai taɓa ɓata ba a rayuwarsa. Ko dai ruwan bara ya cinye hanyar, ko makiyaya sun buɗe wata sabuwa don su rikita mutane, ko kuwa mu ne muka cika surutu muka hana shi tunani.

Idan ka tambaye shi, "Baba, da saura nisa?" amsa ɗaya ce daga gindin dutse har ƙololuwa: "Saura kaɗan. Bayan wancan dutsen ne." A wuce wancan dutsen a tarar da ƙaninsa, a wuce ƙanin a tarar da kawunsu. Wata baiwar Allah ta taɓa ce masa, "Baba, don girman Allah, kaɗan ɗin naka awa nawa ne?" Ya dube ta da mamaki ya ce yaran zamani ba su da haƙuri.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake miƙa wuya ba tare da ya miƙa ba. Yaron mai unguwa bai ce uffan ba tun safe, yana biye yana ɓantarar rake. Idan abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai yaron ya karkata dama a hankali. Jagora ya hango shi ta wutsiyar ido, ya yi sauri ya sha gabansa, ya ɗaga sanda ya ce, "Dama, jama'a, dama! Ku biyo ni!" Haka za a ƙarasa: shi a gaba, yana waiwaye kowane taku goma wai yana duba lafiyar na baya. A sama kuwa ya cire hula ya yi fifita ya ce, "Ban gaya muku ba?" Kuɗin goron yaron ma shi yake karɓa ya miƙa, da nasiha a kai: ya dage, wata rana zai san dutsen.

Mai tarihi yana da sauƙin sha'ani idan ka iya tafiya kana barci. A tasha ya riga ya sanar da mu cewa layin dogo ya iso Kafanchan a 1927, kuma nan ne hanyar Fatakwal ta rabu, ɗaya ta yi Kaduna ɗaya ta yi Jos. A kan dutse idonsa na ƙasa. Tun da ya karanta cewa masu haƙar kuza ne suka fara tono gumakan yumɓu a ƙauyen Nok a 1928, kuma Bernard Fagg ya zo ya gane darajarsu a shekarun 1940, babu kaskon da ya tsira daga hannunsa. Ya ɗauko ɓallin tukunya yana rawar jiki, shekara dubu biyu, in ji shi. Yaron mai unguwa ya leƙa ya ce ta gidan su wance ce, akuya ta fasa ta da damina.

Mai kallon tsuntsaye da mai lasifika ba sa ga maciji. Na farko ya zo ne don kurmin Kagoro da Nindam, inda ake samun tsuntsayen da a ka'ida sai a dazukan kudu ake ganinsu. Yana rataye da madubin hangen nesa, yana ce wa kowa a yi shiru. Na biyu ya ɗaura ƙaramar lasifika a jaka don kada duwatsu su ji kaɗaici. Ma'ajin ƙungiya yakan raba su, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar kishiyoyi a motar biki.

Akwai kuma wani rukuni na masu zurfin tunani, waɗanda igiyar takalminsu ke kwancewa daidai inda hawa ya yi tsanani. Sukan tsaya su juya baya su ce, "Kai, ku dubi ikon Allah, har Kafanchan ana hangowa." Ana yi musu kallon ragwaye. Ni dai ina ganin ba a fahimce mu ba ne.

Mama mai kular abinci kowa ya yi mata dariya a ƙasa, wai wa ke hawan dutse da faten acca. A sama kowa ya zama ɗanta.

Ranar Lahadi ta masu hoto ce. Ruwan Matsirga yana zubowa daga tsayin da ya haura mita 20, da damina har feshinsa kan tada bakan gizo, amma akwai waɗanda ba su taɓa ganinsa ba sai a waya, domin tun da suka iso bayansu suka ba shi. "Anti, ƙara ɗaya, idona a rufe yake." A ƙara. "Wannan na yi ƙiba."

Duk waɗannan nawa ne, ina son su. Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne mai wa'azin muhalli.

Ba wai ƙarya yake ba. Dajin yana tafiya, kowa na gani. Ƙirya da kawo da marke suna komawa gawayi, buhu-buhu a jere a bakin titi ana lodawa zuwa Abuja da Kaduna. Da rani a cinna wa tudu wuta don ɓera da gafiya. Rafukan da ke gangarowa daga dutsen nan su ne ke shayar da Matsirga, kuma idan itatuwan sama suka ƙare ba sai an kira masani ya faɗi abin da zai biyo baya ba. Duk ya san wannan, ya je taron bita, yana da rigar da aka rubuta a ƙirji. Amma duba wa yake zaɓa ya yi wa huɗuba. Matar da ta ɗauko busasshen itace a ka, goyo a baya, ita zai tare a hanya. "Madam, kin san illar abin da kike yi?" Ita da ko risho ba ta da kuɗin zuba wa kananzir. Ta ce, "Yi haƙuri, yallaɓai," ta raɓe ta ba shi hanya a kan dutsen kakanninta. Bai taɓa tare babbar motar gawayi ya yi wa direba wannan tambaya ba.

Yana magana yana tsotson fiya wata, ya gama ya saki ledar a inda yake tsaye. Ka nuna masa ya ce ai ɗaya ce. A Matsirga ya bar robar lemo tsakanin duwatsu, da kyau, a tsaye, wai don mai shara ya gani. Wane mai shara? A gangare ya ratsa gonar citta ya tuge saiwa biyu uku, tsarabar uwargida, ba sallama ba godiya, a ƙasar da cutar 2023 ta ruɓar wa manoma da citta har wasu suka rasa irin shukawa.

Da yamma, a hanyar komawa, shi ne zai taɓa kafaɗar direba. "Oga, ɗan tsaya nan." Ya sauka ya yi ciniki kamar zai yi kuka, ya rage wa mai gawayin ɗari biyar, ya tabbatar na ƙirya ne don ya fi daɗewa a murhu. Buhu biyu. Sai a fito da jakunkunanmu daga but, kowa ya rungumi tasa a cinya har Kafanchan.